'Yar Rediyon Littafi Mai Tsarki Mai Cajin Rana da Na Saya wa Baba

Na'urar ba ta fi tafin hannu ba. Baƙar roba ce, da farantin sola a bayanta, sifika a gaba, sai maɓallai jere a ƙasa. An zuba mata Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, littattafai 66, daga Farawa har Wahayi. A wani shagon littattafan Kirista a Jos na same ta, kuɗinta kuwa bai kai na ƙaramar wayar nan mai tocila ba. Baba na saya wa, don yanar ido ta raba shi da karatu, shi da ya yi shekaru yana karanta nassi a majami'armu ranar Lahadi. Da na miƙa masa, cewa ya yi, "Kai, ni za a karanta wa kamar ɗan Sande Sukul?" Mama ce ta fara kunna ta tana tsince wake, shi kuma ya riƙa jawo kujera a hankali.

Wajen caji ba ni da ƙorafi. A ɗora ta kan katanga da hantsi, kafin la'asar ta ƙoshi, ta kai mutum har barci. Da damina, in hadari ya wuni, cajar waya ma tana shigarta. Murya tana fita tangaram, duk wanda ke tsakar gida zai ji, amma in aka ƙure ƙarar sai sifikar ta fara gurnani. Inda aka kashe ta, nan take ɗorawa in an sake kunnawa, wannan kuwa ba ƙaramin taimako ba ne ga wanda ba ya gani sosai.

Neman aya ne wahala. Ba ta da allo. Maɓalli ɗaya na tsallake littafi, ɗaya na tsallake sura, shi ke nan. Mai son wata aya can ƙarshen Zabura 119, mai ayoyi 176, sai ya zauna ya jira ta iso. Fasto ko mai shirya wa'azi ba zai ji daɗinta ba.

Amma ga mai zama ya saurara, nan take da amfani. A makon Ista Baba ya ce in kai masa Littafin Firistoci sura 16, wurin Ranar Kafara, surar da yawancinmu kan tsallake a takarda. Da kunne kuwa abin ya zo kusa, musamman ga mutanen da suka san kiwo da yanka. Babban firist ba ya shiga Wuri Mafi Tsarki da kayan alfarmarsa. Sai ya yi wanka, ya sa farar tufar lilin, ya fara yanka bijimi domin zunubin kansa da na gidansa kafin ya taɓa na jama'a. Sannan bunsuru biyu: a yanka ɗaya, ɗayan kuma ya ɗora masa hannu biyu a ka, ya furta laifofin Isra'ila, a kora shi jeji. Baba ya sa na tsayar. Ya ce, "Ka ji? Babba ne ke fara tuɓe riga." Daga nan ya ce in wuce Ibraniyawa 9 da 10, inda aka ce jinin bijimai da na awaki ba ya kawar da zunubi, Almasihu kuwa ya shiga sau ɗaya tak da jinin kansa. Muka ƙare da Filibiyawa 2, inda aka ce Almasihu ya ɗauki surar bawa, ya ƙasƙantar da kansa har mutuwa ta gicciye. Mai karatun Tsohon Alkawari ya iya aikinsa: murya ɗaya, ba gaggawa, ba ado.

Sabon Alkawari ne aka yi shi kamar wasan rediyo, da muryoyi daban-daban da kiɗa a ƙasa, kuma nan nake da babbar magana. A Luka 18 akwai misalin da Yesu ya bayar na Bafarisiye, wato ɗan ɗariƙar Yahudawa masu tsananta bin Doka, da mai karɓar haraji a Haikali. Wanda aka ba muryar Bafarisiyen ya kumbura ta, yana jan kalmomi, yana taƙama har abin ya zama ban dariya. Jikokin Baba suka fashe da dariya, mu ma muka yi. To, ai an ɓata misalin. Mutumin nan yana azumi sau biyu a mako, yana ba da ushirin duk abin da ya samu, ba ya zina, ba ya ƙwace. Irinsa muke zaɓa dattijon ikilisiya. Girman kan da Yesu ke nufi a natse yake magana, da muryar mutumin kirki, har da godiya ga Allah a bakinsa. In aka mai da shi wawa, kowa zai koma gida yana murna cewa shi ba haka yake ba. Mai karɓar harajin ma an sa masa kuka ya yi yawa, alhali nassin cewa ya yi ya tsaya daga nesa, ya kasa ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji. Wurin gicciye kuma kiɗan yakan taso har ya danne maganar ɓarawon da ya roƙi a tuna da shi. Ba maɓallin rage kiɗa shi kaɗai.

Duk da haka na ba da shawarar a saya wa tsofaffi, da marasa lafiya, da wanda bai yi karatu ba. Sai dai a tambayi mai shago wace fassara ce a ciki. Baba da tsohuwar fassarar 1932 ya tashi, wadda Dakta Walter Miller na Wusasa ya yi aiki a kanta tare da wasu, ita ce a kansa. Ta cikin na'urar sabuwa ce, saboda haka sau da yawa za ka ji shi yana yi mata gyara daga kan kujera. A kuma sa a kunna ta a shagon, a latsa kowane maɓalli, a tsallaka har littafin ƙarshe a tabbatar an zuba duka kafin a biya kuɗi.