Daidaita tsayuwar mota mai ɗaki: nibo ko waya, katako ko ƙafafun ƙarfe

Assalamu alaikum. Alhaji, na karanta tambayar da kuka ajiye a zauren nan game da motar da kuka sayo ta hannu, mai ɗakin kwana da madafa a cikinta, wadda muke kira kamping-kar. Kun ce duk inda kuka yada zango a hanyar Dakoro ko ta Tasawa sai ƙofar makewayi ta riƙa buɗe kanta, ruwan wanka ya taru a kusurwa ɗaya ya ƙi bin rariya, firigo kuma yau ya yi sanyi gobe ya ƙi. Kuka tambayi abu biyu: ko manhajar da ke cikin waya ta isa a gane karkatar mota ko sai an nemi nibo irin na magina, sannan ko ya dace ku kashe kuɗi a sa muku ƙafafun ƙarfe masu ɗaga mota da kansu ko katako ya wadatar. Na daɗe ina riƙe da irin wannan mota, kuma na gwada yawancin hanyoyin nan a kan ƙasarmu ta Maraɗi.

Kafin a kai ga kwatance, sai ku fara duba wane irin firigo ne a cikin motar, domin shi ne yake nuna yawan kulawar da ake bukata. Idan kun kunna shi kuka ji gurnanin inji yana tashi yana tsayawa kamar na gida, to mai kwamfureso ne, kuma ƴar karkata ba ta damunsa. Idan kuwa shiru yake aiki, yana karɓar gaz ko lantarki, kuma akwai tagogin iska a jikin motar daidai bayansa, to irin wanda wasu ɗalibai biyu ƴan Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro ne a 1922, ɗan'uwan firigon kananzir da aka daɗe ana ajiye allurar rigakafi a cikinsa a asibitocin ƙauye. Wannan ba shi da injin da ke tura ruwan cikinsa. Wuta ce take tafasa ruwa mai haɗe da amoniya, tururin ya hau sama ya huce ya koma ruwa, sannan ya sauko da nauyinsa ta cikin bututu masu ɗan gangare, yana janye zafin cikin firigo a kan hanyarsa. Da zarar mota ta karkata fiye da kima sai gangaren ya ɓaci, ruwan ya kwanta inda bai kamata ba, tukunyar ta ci gaba da shan wuta babu isasshen ruwa, har sinadarin hana tsatsa da ke ciki ya daskare ya fara toshe bututu. Wannan toshewa ba ta warwarewa, kuma taruwa take yi kaɗan-kaɗan. Idan mota tana tafiya babu damuwa, saboda girgizar hanya tana motsa ruwan. A tsaye ne ake yin ɓarnar.

Ta haka na rasa firigona na farko. Na kwana biyu a gefen tafkin Madarunfa, na saka motar ƙarƙashin wani gawo saboda inuwa, alhali gabanta ya sunkuya a gangare. Na ga man gyaɗa yana taruwa a gefe ɗaya na kasko duk sa'ad da aka zo suya, amma ban kawo firigo a raina ba, na bar shi yana ci da gaz dare da rana. Tun daga wannan tafiya bai sake daskarar da ƙanƙara ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, domin katako biyu sun isa su hana wannan asara.

Kamfanin Norcold, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙera irinsa, ya sa iyakar karkata digiri 3 daga gefe zuwa gefe da digiri 6 daga gaba zuwa baya. Abin lura shi ne, gefen firigo ake nufi ba gefen mota ba. Da yake galibi a jikin bangon gefe ake kafa shi, gefe da gefensa shi ne gaba da bayan motar, wato can ne iyakar ta fi tsauri. Digiri ɗaya yana daidai da kusan santimita 1.75 a kowace mita. A mota irin Fiat Ducato, wadda a kanta ake gina da yawa daga cikin kamping-kar na Turai, tsakanin tayar dama da ta hagu kusan mita 1.8 ne, saboda haka digiri ɗaya a nan santimita 3 ne da ɗan kai. Tsakanin tayoyin gaba da na baya kuwa, a doguwar, ya kai mita 4, digiri ɗaya ya zama santimita 7 ke nan, digiri uku kuma santimita 21, wato kimanin taƙi guda. Wannan iyaka ce ta ƙarshe ba abin nema ba. Ni dai ba na barin karkatar ta wuce digiri ɗaya idan zan kwana.

To, nibo ko waya? Nibo ba ya bukatar caji, zafin watan Afrilu ba ya kashe shi, kuma mai tsawon santimita 60 yana kwanciya a kan fili mai yawa, ta yadda ɗan ƙullutu a daɓen mota ba zai ruɗe shi ba. Ƙwayar iskar da ke cikinsa kullum ɓangaren da ya fi tudu take gudu, saboda haka ɓangaren da ta baro shi ne za a ɗaga. Rauninsa ɗaya: yana gaya muku inda ya yi ƙasa, amma ba ya faɗin da nawa, sai an yi ta gwaji. A nan ne waya ta fi shi, domin tana ba da lamba, ku kuma ku mayar da lambar santimita da lissafin da ya gabata, ku san yawan katakon da za ku jera tun kafin ku tayar da inji. Sai dai waya gajeriya ce, tsawonta bai wuce santimita 15 ko 16 ba, kuma idon kamarar da ya turo a bayanta da milimita 2 ko 3 ya isa ya ƙara kusan digiri ɗaya na ƙarya idan aka kwantar da ita. Ko ƴan tsabar rairayi da suka shiga tsakaninta da rigarta suna canza lambar.

Akwai gwaji ɗaya da ya shafe su duka biyun, wanda tsofaffin magina suka sani: ku ɗora abin awon, ku lura da abin da ya nuna, sannan ku juya shi kai ya koma ƙafa a daidai wurin da yake. Idan lafiyarsa lau, ɓangaren da ya ce ya fi tudu ba zai canza ba, kuma yawan karkatar ba zai canza ba. Idan ya saɓa wa kansa, a ajiye shi. A ra'ayina nibo ne alƙali, waya kuma mai taya shi lissafi, kuma kuɗin nibo bai kai a tsaya ana shawara a kansa ba. Wurin ɗora shi ma yana da muhimmanci: daɓen cikin firigo ko tsakiyar daɓen mota, ba tebur ko kantar madafa ba, waɗanda a tsohuwar mota sau da yawa sun riga sun lanƙwashe. Ranar da kuka daidaita motar sosai, ku manna ƙananan nibo biyu kusa da kujerar direba, ɗaya a tsaye da tsawon mota ɗaya a gicciye, ta yadda daga baya za ku riƙa matsawa gaba ko baya kuna dubawa har ku sami wurin da ya fi dacewa. Sau da yawa juya fuskar mota kaɗai yana magance rabin matsalar, musamman da yake da yawa daga cikin motocin nan gabansu ya ɗan fi bayansu ƙasa ko a kan kwalta, don haka a fuskantar da su tudu.

Batun ɗagawa ne ya fi cin kuɗi, kuma a nan ƙasar da za a tsaya a kanta ce take magana. Ƙafafun ƙarfe masu aiki da matsin mai, waɗanda wasu ke kira kirik na otomatik, guda huɗu ne a ƙarƙashin mota, batirin volt 12 yake juya injinsu, kuma da danna maɓalli ɗaya suke daidaita mota cikin ƴan mintoci, su kuma hana ta rawa idan ana zirga-zirga a ciki. Ga dattijo ko mai ciwon baya wannan sauƙi ne na gaske, ba zan raina shi ba. Amma an ƙera su ne da tunanin filayen zango na Turai masu tsakuwa ko siminti. Mota mai nauyin kilo 3,500 tana ɗora wa kowace ƙafa kusan kilo 900 a kan ɗan faranti, kuma a jigawar arewacin Maraɗi farantin nutsewa yake yi a hankali, ku kwanta daidai ku wayi gari a karkace. Lakar bakin Gulbin Maraɗi kuwa da rani tana da tauri kamar daɓe, amma ruwan dare ɗaya na watan Agusta ya isa ya mayar da ita taɓo. Ga ƙurar hunturu da ke maƙalewa a sandunan tana cin robar da ke riƙe mai, ga nauyin na'urar da ke rage kayan da za ku ɗauka, ga kusancinta da ƙasa a hanyar burji. Idan ƙafa ɗaya ta maƙale a ƙasa kuna bayan Dakoro, motar ba za ta motsa ba sai kun san yadda ake janye ta da hannu, kayan gyaranta kuma sai an yi odarsu daga waje.

Matakalar roba da ake sayarwa ta musamman don taya ta hau tana tsakanin ƙafafun ƙarfe da katako. Ba ta da nauyi, galibi hawa uku ne daga kamar santimita 4 zuwa 10 ko 11, amma cikinta rami-rami ne, tana lumewa a rairayi, ranarmu kuma tana busar da ita har ta fara tsagewa.

Katako shi ne zaɓina, kuma dalilina shi ne faɗinsa. Ku sa kafinta ya yanka muku mai kaurin santimita 4 ko 5, faɗinsa santimita 25 zuwa 30 don ya fi tayar faɗi, tsawonsa kuma iri uku, misali 80 da 60 da 40, ya feƙe bakin kowanne don taya ta hau ba tare da ta ture shi ba. Ana jera su kamar matakala, dogon a ƙasa. Dole tafin tayar gaba ɗaya ya zauna a kan katako, domin idan gefenta yana reto wayoyin ƙarfen da ke cikinta suna wahala, kuma idan tayoyin baya tagwaye ne a tallafi dukansu biyu. Katako yana da nauyi, yana cin wuri, gara kuma tana kama shi idan ya daɗe a ƙasa, amma duk garin da kuka shiga akwai mai yanka muku wani, kuma ranar da kuka kafe a rairayi shi ne zai fitar da ku. Ko da kun sa ƙafafun ƙarfen, sai kun shimfiɗa musu katako, saboda ninka faɗin abin da ƙafa ta taka sau biyu ta kowane gefe yana raba nauyin a kan fili ninki huɗu.

Akwai abin da nake roƙon ku kiyaye ko wace hanya kuka bi. Birkin hannu tayoyin baya yake riƙewa, saboda haka idan ƙafafun ƙarfe suka ɗaga bayan mota har tayoyin suka bar ƙasa, babu sauran birki. Kada kuma a ɗaga kusurwa ɗaya ita kaɗai da kirik, domin hakan yana murɗa ƙashin motar har ƙofofi su ƙi rufuwa, gilashin gaba ma yana iya tsagewa. Ƙananan ƙafafun nan da ake saukarwa da hannu a kusurwoyi, na hana rawa ne kawai, ba a yi su don ɗaukar nauyi ba. Wajen hawa katako a yi da giya ta ɗaya a hankali, mai nuna muku hanya ya tsaya a gefe inda kuke ganinsa ta madubi, yara su yi nesa, sannan a ja birki, a bar mota a giya, a sa weji a tayoyin da suke ƙasa. Mai tirela da ake ja da wata mota zai fara daidaita gefe da gefe tun tana haɗe, ya sa weji, ya kwance ta, sannan ya daidaita gaba da baya da ƴar tayar da ke gabanta.

Sai an gama wannan duka za a kunna firigo. Bayan awa ɗaya ku sake ɗora nibo, saboda rairayi yana zama bayan nauyi ya hau shi, ku kuma maimaita da asuba da bayan kowane ruwan sama. Idan kun tsaya sallah ko cin abinci a wuri mai gangare sosai kuma ba ku da niyyar fito da katako, ku kashe firigon har ku tashi. Muddin ƙofarsa a rufe take, sanyin da ke ciki zai riƙe kayanku na wannan ɗan lokaci.