Takin gida ko takin zamani a gonar gahawa ta Habasha

A tsaunukan Sidama da Gedeo na kudancin Habasha, inda garin Yirgacheffe yake, yawancin manoman gahawa ƙananan gonaki gare su. Itacen gahawar yana girma ne a inuwar manyan bishiyoyi, gefe da gefe da enset, wata shuka mai kama da ayaba da ita ce abincin yankin. Kashin shanu, ganyen da ya zube ya ruɓe, da ɓawon 'ya'yan gahawar da aka ɓare, su ne takin gonar. Ciyawa kuwa da adda ake sare ta.

Takin zamani yana ƙara yabanya, babu ja. Sai dai daga ƙetare ake shigo da shi, yana da tsada, kuma sai buhun ya hau hanyar dutse da damina ke ragargazawa kafin ya iso. A gona mai inuwa irin wannan, ni kam takin gida na fi so, ko da buhunan girbi sun ɗan ragu.

Abin takaici, manomin da bai taɓa zuba sinadari ba ma ba zai ci ƙarin farashin da ake biya wa gahawar da aka noma babu sinadari ba sai da takardar shaida. Kasuwar Turai tana son gonar ta yi shekara 3 babu sinadari, mai duba kuma ya riƙa zuwa kowace shekara, kuɗinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Dalilin ke nan ɗaruruwan manoma ke haɗuwa a ƙungiya guda, su karɓi takarda ɗaya, su raba kuɗin.