Excel ko matplotlib wajen raba lambobin gefen zane?

Malam, tunda so kake kwamfuta ta tsara maka tazarar lambobin gefen zane da kanta, ɗauki matplotlib kawai, wato manhajar yin zanen alƙaluma da ke aiki cikin Python, harshen ba kwamfuta umarni.

Asalin dabarar ba ta da wuya, wani masanin kwamfuta, Paul Heckbert, ya yi bayaninta tun 1990. Ka ce ruwan saman da aka auna a Garwa ya tashi daga 0 zuwa milimita 237, kana son alamomi kamar biyar. Raba 237 gida biyar, ka sami 47.4. Ba mai son karanta 47.4, 94.8, sai a ɗaga ta zuwa 50, layin ya zama 0, 50, 100 har 250. Lambobin da ake zaɓa su ne 1, 2 da 5, a ninka su da goma, ɗari ko dubu. Matplotlib ya ƙara 2.5 a kai, kuma yana duba tsawon layin da girman rubutu kafin ya yanke yawan alamomin, shi ya sa ba kasafai lambobi ke hawa kan juna ba.

Bara na yi wa wasu ƴan kasuwar albasa a Marwa zanen motocin da suke lodi kowane mako. Da na rage girman zanen don ya shiga waya, sai ga 2.5 da 7.5 a gefe. Wani dattijo ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Ɗana, ina ka taɓa ganin mota biyu da rabi ta fita tasha?" Layin umarni ɗaya na ƙara, MaxNLocator(integer=True), nan take cikakkun lambobi suka dawo. Ya karɓi wayar ya karanta wa sauran da kansa, wallahi har yau ina jin daɗin abin. In kuma tazara ɗaya kake so ba canji, kamar 10-10, MultipleLocator(10) ya gama maka.

Excel yana yi, ba a ce ba ya yi ba. Amma in bambancin babbar lamba da ƙarama bai kai kashi ɗaya cikin shida na babbar ba, ba ya fara layin daga sifili, ko da zanen sanduna ne. Buhu ya tashi daga sefa 18,000 zuwa 21,000, ido ya ga kamar kuɗin ya ninka, sai ka shiga ka gyara da hannu. A matplotlib sanduna daga sifili suke tashi.

Sannan ka kiyayi masu cewa za su sa maka Office, manhajar da Excel ke cikinta, "na har abada" a kan ƴan dubbai. Na taɓa biyan wani a kasuwa, bayan ƴan watanni ya kulle ina tsakiyar aiki, mutumin kuma ya daina ɗaga waya. Matplotlib kyauta ne, duk wanda ya nemi kuɗinsa a hannunka cutarka zai yi. Sa Python, rubuta pip install matplotlib, in ya ƙi shiga turo min hoton abin da ya nuna maka.