Wata biyu a kur ɗin dare na konkur ɗin ƴan sanda

A fadarmu ta shayi a Garin Malam na fara jin labarin kur ɗin, wato darasin dare. Wani abokina ya turo mini sanarwar a WhatsApp, wai za a shirya mutum tsaf don konkur ɗin shiga aikin ɗan sanda, jika goma a wata, takardun karatu kuma jika uku daban. Ni da BEPC, takardar kammala koleji, nake neman gardiyen, wato ƙaramin muƙamin ɗan sanda, kuma shekara biyar rabona da benci, kabu-kabu nake yi. Baba ya ce, "In dai karatu ne je ka, amma kada wani ya ce maka yana da hanya ka miƙa masa ko dala." Na biya, na yi wata biyu cur, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na tarar.

Ajin wata lakwal ce ta firamare suke haya, daga bayan isha'i zuwa ƙarfe goma, kwana huɗu a mako. Mun haura mutum hamsin a kan teburan yara, gwiwa na dukan katako. In wuta ta ɗauke kowa ya kunna fitilar wayarsa ya kifa a kan kaye. Wannan duk mai sauƙi ne, ɗan Damagaram da ya saba jiran ruwa a famfo ba zai yi kukan benci ba.

Takardun nan na jika uku su ne suka ɓata mini rai. Fotokopi ne na fotokopi, wasu layukan sai ka kanne ido. Tambayoyin kultur janaral da amsoshinsu, shafi kusan tamanin. Abin da bai canzawa yana nan daidai: an kafa jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, ƴancin kai 3 ga Agusta 1960, Diori Hamani shugaba na farko, Seyni Kountché ya kifar da shi 15 ga Afrilu 1974, jihohi takwas, maƙwabta bakwai, har da mayar da babban birni daga nan Zinder zuwa Yamai a 1926, tambayar da duk aji ya amsa da ƙarfi kamar ana tsokanarmu. Amma da ka zo kan hukumomin ƙasa sai ka ga takardar ta tsaya cak a zamanin da ya wuce. Har yanzu tana koyar da kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 a matsayin wanda ake aiki da shi, tana lissafa Nijar cikin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, alhali mun fita tun Janairun 2025. Babu juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, babu CNSP, majalisar sojojin da ta karɓi mulki, babu AES, ƙawancen ƙasashen Sahel da aka rattaba wa hannu 16 ga Satumba 2023 tare da Mali da Burkina Faso. Wanda ya haddace ta ido rufe zai shiga ɗakin jarrabawa da amsoshin da suka riga suka mutu. Na nuna wa mai karɓar kuɗin, ya ce za a gyara. Har muka gama ban ga gyara ba. Da labaran rediyo na cike giɓin, ina rubutawa a gefen shafi.

Abin da ya sa ban yi nadamar kuɗina ba mutum ɗaya ne, Mushe mai koyar da Faransanci, tsohon malamin koleji da ya yi ritaya. Daren farko ya yi mana dikte na layi goma sha biyu. Da ya dawo mini da kayena na ɗauka jini aka zuba, kuskure ashirin da uku, kowanne ya zagaye da jan biro. Ya kalle ni ta saman gilashi ya ce, "Ɗana, kanka na da kyau, hannunka ne ya yi tsatsa." Na ce, "Mushe, ai yanzu Hausa ce harshen ƙasa." Ya yi dariya ya ce haka ne, tun 2025, amma takardar da za a ajiye gabana da rahoton da zan rubuta a komisariya da Faransanci ne.

Shi ya raba ni da ciwon da na daɗe da shi, wato rikita ƙarshen aikatau mai -é da mai -er. Ya ce duk inda na yi shakka in cire kalmar in sa vendre. In ta zauna, -er ne, in sai vendu ce ke zama, -é ne. Shekara huɗu na yi a koleji ba wanda ya faɗa mini wannan. A redaksiyon kuma ba ya barin ka fara rubutu sai ka nuna masa tsarinka a takardar buruyo: gabatarwa, ciki, rufewa. Ranar Asabar yakan ajiye agogonsa a tebur ya ba mu awa biyu, lokaci na cika ya fizge takarda ko kana tsakiyar jimla. Karo na farko ban kai rufewa ba. A mako na bakwai na gama da sauran minti goma, dikte kuma ya sauko kuskure shida.

Malamin lissafi yana zuwa yau, gobe ba ya nan, in ya zo ma da allo yake magana. Maganar dosiye, wato kaziye judisiyer (takardar kotu mai nuna ko an taɓa yanke maka hukunci) da sartifikan nasiyonalite (shaidar zama ɗan ƙasa) da takardar haihuwa da aka buga wa hatimi, ba wanda ya yi mana bayani, a bakin ƴan uwa muka tsinta. Gudu ma ba ruwansu da shi, mu huɗu muka riƙa fita hanyar Mirriya bayan sallar asuba.

Wanda Faransancinsa ke tsaye, ya riƙe jikkunansa, ya nemi tsofaffin tambayoyi wurin waɗanda suka riga shi, ya saurari labarai. Wanda ya daɗe da barin lakwal irina, ya je, amma kafin ya biya ya tambaya ko ana karɓar kaye a gyara wa kowa nasa, sannan ya buɗe takardun ya duba ko akwai AES a ciki. Mun rubuta jarrabawar, yanzu jiran fitar sunaye muke. Kayen mai jan biro yana hannun ƙanena da zai yi BEPC bana.