Dafawa ko soda: wanne ya fi dacewa da laka a Damagaram?

Ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu ruɓar da lakar najasa a rufaffen tanki, su ba da gas ɗin girki, suna jinkiri ne wajen fasa jikin lakar. Shi ya sa ake sassauta ta tukuna.

Hanya ta farko dafawa ce da tururi, a zafin digiri 160 zuwa 170 na kusan minti 30, cikin matsin tururi. Kamfanin Cambi na Norwe ya yi suna a kanta. Lakar takan narke, cututtuka su mutu, gas ya ƙaru. Sai dai tukunyar na da tsada, tana buƙatar ƙwararru da wuta marar yankewa.

Ta biyu zuba soda ce, irin ta masu sabulu. Araha gare ta, amma in ta yi yawa gishirinta na kashe ƙwayoyin gas, kuma dole a dawo da lakar kusa da pH 7, wato tsaka-tsaki a ma'aunin tsami, kafin ta shiga tanki.

A Damagaram ni soda zan zaɓa. Lakarmu daga masai take fitowa, cike da rairayi da leda, tace su ma aiki ne, balle a kai ga tukunya mai tsada. Zafin garin kuwa yana kusantar digiri 35 da tankin ke so.