Sharhi: Mikisar Behringer X32 a sitidiyo, inda ta ci kuɗinta da inda ba ta kai ba

X32, na'urar haɗa sauti ta kamfanin Behringer, ta fito a 2012, kuma waɗanda suka ƙera ta dandalin wasa da manyan ɗakunan taro suka sa a gaba, ba sitidiyo ba. Duk da haka ta shiga ɗakunan ɗaukar sauti da yawa ta zauna daram. Ra'ayina bayan aiki da ita shi ne: wajen ɗaukar makaɗa da mawaƙa da yawa a lokaci guda, samun wadda za ta ja da ita a ajinta sai an tona. Wajen haɗin ƙarshe na waƙa kuwa, kwamfuta ce uwar gida, mikisar 'yar rakiya ce.

Babbar tana da mashigar makirufo 32, feda 25 (sandunan ɗaga sauti da sauke shi) masu injin da ke motsa su, mafita 16 na XLR (irin ramin wayar makirufo mai ƙafa uku), bas-bas 16 (hanyoyin da ake tara sautin layuka a haɗa), gurabe 8 na eko da sauran kayan ado, da allo mai inci 7. A bayanta akwai katin X-USB da ke kai layi 32 cikin kwamfuta ya dawo da 32 ta waya ɗaya. Faɗinta ya kai santimita 90, nauyinta ya ɗan haura kilo 20, saboda haka a nema mata tebur na gaske kafin a sauke ta.

Abin da ya fi rikita sabon hannu shi ne tsammanin duk abin da ya ji a lasifika shi ne ke shiga kwamfuta. Ba haka ba ne. A saitinta na asali, katin yana ɗibar sauti ne daga bakin mashiga, da zarar ya wuce geyin, maɓallin da ke ƙara ƙarfin sautin makirufo. Ikwalaiza (mai gyara kaifi da kaurin sauti), kwamfiresa (mai daidaita ƙarfinsa), get (mai toshe ƙananan hayaniya), yankan ƙasan sauti, har ita kanta fedar, duk a bayan wannan wurin suke. Mutum zai ɓata minti ashirin yana gyara muryar mawaƙi har ta yi sumul, ya buɗe fayil ya tarar da ita ɗanya shar. Ni wannan tsari ya yi mini, domin kuskuren ikwalaiza ba ya bin fayil har abada, amma ma'anarsa ita ce maɓalli ɗaya tak ke yanke hukuncin ingancin abin da aka ɗauka, wato geyin.

Geyin nata yana tafiya daga -12 zuwa +60 dB. Yadda ake saita shi: a danna Select a kan layin, a sa mawaƙin ya rera wurin da ya fi ɗaga murya a waƙar, ba "ɗaya, biyu, gwaji" ba, domin babu mai gwada makirufo da ƙarfin da zai yi waƙa. A murɗa har mitar ta riƙa yawo wajen -18, kololuwarta kada ta wuce -10 ko -9. Kunnen da ya saba da mikisar analog zai so ya tura har ja ya fara leƙowa. A nan sifili shi ne rufin ɗaki, kuma idan fitilar Clip ta kama, sautin ya tsage ke nan, babu manhajar da za ta ɗinke shi yadda yake. Tun da a bit 24 ake ɗauka, barin sarari a sama ba ya jawo asarar komai. Ganguna su suka fi shammatar mutane: mai kiɗa yakan ƙara ƙarfi idan waƙa ta ɗau zafi, don haka a ba shi ƙarin sarari kamar dB 3 zuwa 6 a kan abin da aka gani a gwaji. Sautin firiyam ɗin kansa, wato ɓangaren da geyin ke sarrafawa, tsab yake, ba ya ƙara kauri ko ɗumi. Makirufon da ke da raunin fita yakan bukaci a kai geyin sama da 50, kuma a can ne za a fara jin ɗan shuu a ƙarƙashin murya mai laushi.

Wutar bolt 48, wadda wasu makirufo ke bukata kafin su yi aiki, kowane layi da tasa. A rufe layin kafin a kunna ta ko a kashe, in ba haka ba ƙarar "ɗas" za ta daki lasifika da kunnen duk wanda ke sanye da hedifon. Akwai kuma tarko a cikin Scene, wato ajiyayyen saiti, wanda take riƙe har 100. Idan aka kira tsohon saiti, yana dawowa da geyinsa da wutarsa ta 48, ko da makirufon ribon ne, wanda wannan wuta za ta iya lalatawa, yanzu a jone a layin. Maganinsa a shiga shafin Param Safe a kulle ɓangaren firiyam, ko a kira saitin tun kafin a jona komai.

Inda ta fi burge ni shi ne hedifon ɗin makaɗa. Sauti yana shiga ya fita cikin kusan milisakan 0.8, abin da kunne ba ya kamawa. Kwatanta da sauraro ta cikin kwamfuta: bafa (ɗan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi) 256 a kilohaz 48 milisakan 5.3 ne a tafiya kawai, a haɗa da dawowa an haura 10, kuma a nan ne mawaƙi ke fara cewa muryarsa tana bin sa a baya. Da X32 sai a bar bafa a 512 ko 1024, kwamfuta ta huta, kowa yana jin kansa kai tsaye daga mikisa. Yin haɗin kowane mutum ma ba wuya. A zaɓi bas ɗinsa a hannun dama, a danna Sends on Faders, nan take fedojin hagu su zabura su koma matsayin abin da shi yake ji. A ɗaga masa ganga, a rage masa jita, a sake danna maɓallin a fito. Mantawa da fitowar shi ne kuskuren da ba wanda ya fi ƙarfinsa: kana jan feda kana mamakin me ya sa lasifika ba ta canja ba, alhali kunnen mai fiyano kake hargitsawa.

Bas ɗin hedifon dole a sa shi ya ɗebi sauti kafin feda. Idan bayan feda yake ɗiba, duk taɓawar da injiniya ya yi don jin daɗin kunnensa za ta canja wa mawaƙi haɗi a tsakiyar baiti. Wannan zaɓin bibbiyu yake tafiya, 1 da 2, 3 da 4, haka har ƙarshe. Bas 13 zuwa 16 an riga an ba eko su tun daga kamfani, saura 12 ke nan, wato hedifon shida idan sitiriyo ake so. Ramukan hedifon na jikinta abin da injiniya ke saurare suke fitarwa, saboda haka sai an sayi amfilifayar hedifon daban, ko ƙananan akwatunan P16-M da ke karɓar layi 16 ta wayar Cat5e kowa ya haɗa nasa da hannunsa. A zuba wa mawaƙi ɗan eko a kunne, yana taimaka masa riƙe murya, kuma ba zai shiga fayil ba.

Wani abu da ke faruwa kullum: murya ta fito siririya kamar ana magana ta cikin bututu. Kafin a zargi makirufo, a duba manhajar ɗauka. Galibi an bar sauraron shigarwa a kunne a can, sai muryar ta iso sau biyu, ɗaya daga mikisa, ɗaya daga kwamfuta a makare, suna cinye juna. A kashe na manhajar.

Shafin Routing, inda ake tsara hanyar da sauti zai bi, shi ne wurin da ake shan wahala a makon farko. Takwas-takwas yake rarraba layuka: 1 zuwa 8 daga makirufo, ko duka takwas ɗin daga kati, babu tsakiya. Sabunta manhajar cikinta zuwa ta 4 ya kawo User In da User Out, inda ake jona layi ɗaya-ɗaya, amma sai an bi ta shafi biyu kafin a kai, kuma ba ya faɗa wa mutum inda ya ɓata. Don ɗora murya a kan kiɗan da aka riga aka ɗauka, hanya mafi sauƙi ita ce a karkatar da Aux In, wato ƙarin mashigai, ya karɓi Card 1-2, layi biyun farko na katin, kiɗan ya dawo ta nan, layuka 32 su zauna a kan makirufonsu. Idan kuma aka mayar da layi ya karɓa daga kati, maɓallin geyin ya daina taɓa firiyam, ya koma ƙari ko ragi na dB 18 kawai.

Kilohaz 44.1 da 48 kaɗai take yi. Wanda aikinsa ke bukatar 96 ya nemi wata. Kuma daga jikin mikisar ake sa wannan, a shafin Setup, sai manhajar ɗauka ta bi. Idan suka saɓa, ko a ji ƙaf-ƙaf a sauti, ko abin da aka ɗauka a 48 ya fito a 44.1, ya yi nauyi ya sauka da kusan kashi 8 cikin ɗari. A Windows sai an sa direban ASIO, Mac kuwa yana ganinta da kansa. A jona wayar USB kai tsaye a jikin kwamfuta, ban da mahaɗar nan mai baki da yawa. A kuma yi lissafin wuri: layi 32 a bit 24 da kilohaz 48 yana cin kusan megabait 276 a minti, sama da gigabait 16 a awa. Ramin filashi na samanta layi biyu kawai yake ɗauka a bit 16, ya isa a ba mawaƙi abin saurare a hanya, bai isa aiki ba.

Asalinta na dandali yana fitowa fili a wasu wurare. Mashigan 32 duka XLR ne, babu ramin jita, sai da akwatin DI mai mayar da wayar jita zuwa XLR. Babu wurin cusa kwamfiresa na waje a kowane layi, sai a ari Aux guda shida na baya a yi da su. Mafitar lasifikan sauraro ɗaya ce, don haka mai son gwada haɗi a kan lasifika kala biyu sai ya ƙara na'urar sauyawa. Dim (rage ƙarar lasifika) da Mono (haɗe hagu da dama) suna nan kusa da hannu, Talkback A da B na yi wa masu hedifon magana kuma suna da amfani sosai: A ga kowa, B ga mawaƙi shi kaɗai, don gyaran da bai kamata a yi masa a gaban jama'a ba.

Maɓallin sarrafa manhaja yana mayar da fedoji takwas na dama su ja na cikin manhajar ɗauka irin su Pro Tools, Cubase ko Reaper ta tsarin HUI ko Mackie Control. Yana aiki, amma fedojin ba sa jin taɓawar yatsa, don haka rubuta hawa da saukar murya da su bai kai santsin na'urar da aka yi don wannan ba. Ita kanta mikisar ba ta bin lokacin waƙa ta motsa feda da kanta. Ana iya dawo da layuka 32 a haɗa a kanta, ekonta ma ba laifi, sai dai ranar da mai waƙa ya dawo yana son a ɗaga amshi kaɗan, sai an nemo saitin ranar an sake bin waƙar daga farko har ƙarshe.

Mai ɗaukar murya ɗaya a kan kiɗan kwamfuta ba ya bukatarta, ƙaramin katin sauti mai mashiga biyu ya ishe shi. Ɗakin da ke ɗaukar cikakkiyar ƙungiya, ganguna da makirufo takwas ko goma, jita, fiyano, 'yan amshi, shi ne zai more ta. Idan makirufo 16 sun wadatar, X32 Compact da Producer da Rack duk injin sarrafa sauti ɗaya suke da babbar, kuma na Rack ana tuƙa shi daga kwamfuta ta manhajar X32-Edit ba tare da ya cinye tebur ba.