Masu gatari ko mutumin gandun daji: wa za a ba askin manyan bishiyoyin gida?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin tambaya wa ya kamata ki ba askin mangwaro da darbejiyar gidanki. Tsakanin masu gatarin da suka ce za su rage miki mangwaron da darbejiyar kyauta su kwashe itacen, da mutumin gandun dajin da ya yanka miki kuɗi, ki ɗauki na biyun. Ko kuɗin bai cika a wannan watan ba, gara ki dakata har ya cika.

Wanda ladansa itace ne, duk reshen da ya bari a sama ya yi asara. Don haka zai sare mai kauri, mai lafiya, wanda zai yi tsada a wajen masu gidan burodi da 'yan gawayi, ya bar miki busasshen da ke can ƙololuwa don hawansa da wahala kuma ba riba. Ki zaga kowace unguwa a Kano ko Kaduna, za ki ga aikinsu: darbejiya an yi mata ƙwalkwabo, ba abin da ya rage sai gindi da guntayen dungulmi.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne darbejiya tana da taurin rai. Da ruwa ya sauka sai ta cika da toho, a ce ai ga ta nan ta farfaɗo har ta fi da kyau. Amma wannan tohon daga ƙarƙashin ɓawo yake fitowa, bai kama tsakiyar itacen ba kamar yadda reshen asali yake kamawa. Bayan shekara biyu ko uku ya yi tsawo ya yi nauyi, sai iskar farkon damina ta ɓalle shi a kan kwano ko mota. Shi kuma babban bakin saran da aka bari a buɗe, ruwa ya zauna a ciki, ruɓa ta gangara ƙasa, gara ta biyo baya. Wato an sare ta don tsoron iska, an kuma mayar da ita wadda ta fi haɗari a iska. Mangwaro kuwa ya fi shan wahala, domin a ƙarshen rassan da suka ƙosa yake fure. In aka aske su, ki cire rai da 'ya'ya na shekara ɗaya zuwa biyu, ga kuma ranar Maris da Afirilu da za ta ƙona ɓawon da ya saba zama a inuwa.

Ni mangwaron da ke gidana a Kaduna na tarar da shi lokacin da na sayi gidan, kuma ya girme wa duk 'ya'yana. Da ganyensa ya fara raguwa ta ɓangare ɗaya, wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dattijo da ya yi karatu a kwalejin gandun daji ta Afaka da ke Kaduna. Ranar farko ko zarto bai zo da shi ba. Ya zagaya bishiyar a hankali, yana ƙwanƙwasa gindin da ƙotar adda yana kasa kunne ko akwai kogo. Ya durƙusa ya tona ƙasar gindin da hannu. Sannan ya tambaye ni yaushe aka shimfiɗa intalok ɗin tsakar gida, kuma ta ina aka haƙa ramin sokawe. Na ce me ya haɗa wannan da rassa? Ya ce ciwon a ƙasa yake. Yawancin saiwoyin da bishiya ke sha da su suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma suna bazuwa har su wuce inda inuwarta ta tsaya. Mun rufe su da siminti, ruwa ba ya shiga, iska ba ta shiga. Ya sa aka ɗaga bulo a kewayen gindin, aka zuba busasshen ganye da ruɓaɓɓen taki, ya kuma hana a jingina takin da jikin bishiyar.

Da ya ɗaga kai sai ya nuna min kauci a rassa uku, wanda ni a zatona ganyen mangwaron ne. Tsuntsaye ke kawo irinsa, ya kafe a reshe yana tsotse ruwan bishiyar, kuma ba ya fita sai an yanke reshen daga bayan inda ya kama.

Ranar aikin ya zo da saurayi mai hawa, da igiya a ƙugunsa. Kowane babban reshe sau uku aka yanka shi: a fara ɗan tsagawa ta ƙasa, a yanke ta sama can gaba kaɗan don nauyin ya sauka ba tare da ya yage ɓawon gindin ba, sannan a dawo a cire dungun. Akwai wani ɗan kumburi a inda reshe ya haɗu da uwarsa, dattijon ya ce wannan ba a taɓa shi, daga nan bishiya ke rufe rauninta. Manyan guntaye da igiya aka sauko da su, ko tukunyar fulawa ba ta fashe ba. Na miƙo baƙin mai a shafa a bakin yankan kamar yadda ake yi a unguwa, ya ce in mayar, ba ya hana ruɓa, sai dai ya ƙona naman da zai warke. Abin da ya cire bai kai kashi ɗaya bisa huɗu na ganyen ba, ya ce ƙa'ida ke nan a shekara guda, ga tsohuwar bishiya ma a yi ƙasa da haka. Yau in kin duba wuraren da ya yanka, sabon ɓawo ya zagayo ya kusa rufe su, kuma bana har maƙwabta sun sha mangwaron.

Masu gatari, in bishiya ta mutu murus a fili, ba gini ba waya kusa da ita, za su kayar da ita da sauri a kan araha. Iyakar abin da zan ba su ke nan. Kuma ki tuna da silifas suke hawa, ba igiya. In wani ya faɗo a gidanki, Allah ya kiyaye, asibiti da 'yan sanda duk a kanki za su ƙare.

Sai dai fa ki yi hattara, Hajiya, ba duk wanda ya sa riga mai sheƙi ya saɓo injin yanka ne ƙwararre ba. Akwai masu zagaya unguwanni suna cewa daga ma'aikata suke. Da sun ga maɗaci ko babbar darbejiya sai su ce ai cikinta ya ruɓe, ba ta kai damina, alhali katako suka hango. Wasu har da zancen aljanu suke haɗawa don su tsorata matan gida. Akwai kuma masu yawo da jarka ba rubutu a jiki, wai maganin gara, su huda gindin bishiya su ɗura. Kada ki bari a zuba abin da ba a san sunansa ba a bishiyar da yara ke shan 'ya'yanta, balle in akwai rijiya a gidan. Wanda ya ce ta ruɓe, ya nuna miki: kogo, tsagewa a gindi, laimar kwaɗi tana fitowa a jikinta, ko ƙasa ta fara ɗagawa ta gefe ɗaya. In akwai irin wannan, to ƙwararren na gaskiya ma zai ce a kayar, kuma ki yarda.

Mutuminki ma ki gwada shi kafin ki biya. Ki ce ya nuna miki rassan da zai cire ɗaya bayan ɗaya da dalilin kowanne, ya kuma kai ɗanki ko maigida su ga wani gidan da ya yi wa aiki shekara biyu baya. Takarda kaɗai ba ta wadatar ba, domin kwalejojin Afaka da Jos, waɗanda ke ƙarƙashin cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan, ba kowane ɗalibinsu ne ya goge a aikin cikin gida ba. In bai gamsar da ke ba, ki tambaya a sashen gandun daji na ƙaramar hukumarku ko ma'aikatar muhalli ta jiha.

Ku yi ciniki a kan aiki kawai, itacen naki ne. In an gama ki kira masu gatarin nan ki sayar musu a ƙasa, zai rage miki wani abu daga kuɗin. Ki ba mutumin gandun dajin rabin kuɗin aikin, sauran sai an sauko an share. Darbejiyar a yi ta kafin iskar farkon damina. Mangwaron a bari sai an gama shan 'ya'yansa, wajen Yuni zuwa Yuli, in ban da busassun rassa da za a iya cirewa ko gobe. Reshen da kika ce ya kusa taɓa wayar lantarki kuwa, kada kowa ya hau sai an sanar da ofishin kamfanin wuta na yankinku sun kashe layin.